Kwas ɗin QI da aka tura mu: wata shida ina bin injin ECG guda ɗaya

Tun watan jiya ƙannenmu da suka shigo tirenin ɗin likitancin ƙwaƙwalwa a nan Ingila suke ta damuna a waya, wai kwas ɗin nan na QI da ake ta turo imel a kansa ya kai mutum ya ƙona ranakun hutun karatunsa saboda shi, ko shi ma irin na cike fom ne a karɓi satifiket. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya ɗaya shi yasa nace bari na zauna na rubuta gaba ɗaya, mai buƙata ya karanta. Ba zan faɗi sunan waɗanda suka shirya kwas ɗin ba, haka asibitin da nake, don akwai inda zan yaba akwai inda zan caccaka, kuma har yau a ƙarƙashinsu nake cin tuwo.

Ga wanda bai san kan zancen ba, QI ɗin nan a taƙaice koyon yadda za ka gyara aikin wajen da kake ne, amma da awo, ba da baki ba. Ka ɗauki matsala guda, ka auna ta, ka gwada ƙaramin canji, ka sake aunawa ka gani ko ta motsa. Kuma a nan ba wai ganin dama bane. Tun 2017 hukumar GMC da take ba mu lasisi ta saka kare lafiyar majinyaci da inganta aiki cikin abubuwan da dole kowane likita mai tirenin ya iya, kwalejinmu ta Royal College of Psychiatrists ma ya shiga manhajarta, to duk shekara idan kwamitin ARCP, mai tantance ci gaban likita mai tirenin, ya zauna duba fotfoliyonka, wato fayil ɗin shaidar ayyukanka, sai sun nemi shaidar cewa ka taɓa wani abu ta wannan ɓangaren. Asalin tsananin ya biyo bayan abin kunyar da ya faru a asibitin Stafford ne, inda rahoton Robert Francis na 2013 ya tona irin wulaƙancin da marasa lafiya suka sha, a shekarar kuma gwamnati ta ɗauko Don Berwick daga Amurka ya rubuta nasa, cikin shawarwarinsa har da cewa a koya wa ma'aikatan NHS, wato hukumar lafiyar ƙasar, dabarun gyara aiki tun daga ƙasa. To mu ne ƙasan.

Ni dai gaskiya da zuciya biyu na shiga. Ina CT2 lokacin, wato shekara ta biyu ta tirenin, jarrabawar kwalejinmu ta Paper B tana gabana, ga kol, wato dutin dare, ga yara a gida, abin da nake so kawai takardar da zan liƙa a fotfoliyo a ƙyale ni. Na riga na yi odit sau biyu kafin nan kuma na san yadda ake yi: ka kwashi fayil ɗin mutane ka ƙirga nawa aka yi wa abu kaza nawa ba a yi wa ba, ka haɗa silaid, ka tsaya gaban manya ka ce ana buƙatar ƙara wayar da kan ma'aikata, a tafa maka, kowa ya watse, bayan shekara wani sabon likita ya zo ya sake ƙirga abin nan dai ya samu lambar da ka samu. Na ɗauka QI ma haka ne aka canja masa riga.

Tsarin kwas ɗin kwana huɗu ne a aji amma a warwatse cikin wata shida, daga Agusta zuwa ƙarshen Janairu, daidai tsawon zaman da muke yi a kowane wod kafin a juya mu. A tsakani akwai koci da ake haɗa ku da shi, ku biyar ko shida, kuna haɗuwa ta Teams. Sai wasu darussa na intanet da ake so ka gama kafin ranar farko. Kuɗin daga kason karatu na tirenin aka cira, ban sa hannu a aljihu ba, sai kuɗin jirgin ƙasa da na biya aka dawo min da shi bayan na kusa mantawa.

Ranar farko da safe na kusa yin barci. Tarihi aka fara zuba mana, Walter Shewhart da ya ƙirƙiro zanen lura da aiki a kamfanin kayan wayar tarho na Western Electric a 1924, Deming da ya je Japan a 1950 ya koyar da masu masana'antu, Donabedian da ya raba ingancin asibiti gida uku a 1966 wato kayan aiki, yadda ake aikin, da sakamakon da majinyaci ya samu. Duk gaskiya ne kuma daga baya sun yi min amfani, amma a lokacin ina zaune ina tunanin me ya haɗa ni da masu ƙera wayar tarho. Sai bayan shan shayi malamar ta fito da wani akwati, nan ne kwas ɗin ya fara a wajena.

Akwatin cike yake da 'yan duwatsu irin 'ya'yan carbi, farare da jajaye a cakuɗe. Wasan Deming ne, a nasa na asali guda 4000 ne, 800 ja sauran fari, wato kashi 20 cikin ɗari ja ne. Akwai wani ɗan katako mai ramuka 50 kamar ramukan dara, kana tsoma shi ka ɗago kowane rami ya ɗauki ɗaya. Aka fito da mu shida aka ce mu ma'aikatan kamfani ne, kwastoma farare yake so, ja asara ne. Kowa ya tsoma a ƙirga jajayensa a rubuta a allo. Malamar ta koma manaja, kuma wallahi ta iya, wanda ya samu ja kaɗan ta yabe shi ta ba shi cakulan tace shi ne gwarzon wata, wanda ya samu da yawa ta ɗaure fuska tace za a ba shi takardar gargaɗi. Ni zagayen farko na zama gwarzo, har da ɗan murmushina kamar wani abin kirki na yi. Zagaye na biyu na fi kowa ja, tace ta yi mamakina, daga yabo na lalace. Ajin ana ta dariya amma ni jikina ya yi sanyi, saboda na tuna wani asibiti da na yi aiki a gida inda duk safiyar Litinin oga yake tsayar da mu yana zagin wanda aka samu matsala a kol ɗinsa, kuma dukkanmu mun san ranar da babu jini a banki ko na'urar ta mutu ko waye yake kol sakamakon ɗaya ne. Jajayen suna cikin akwatin tun kafin ka zo. Ba hannunka bane. In ana son su ragu sai a canja abin da ke cikin akwatin, zagi da cakulan duk ɓata lokaci ne. Na sha jin wannan maganar da baki amma sai da aka yi min ita a jikina gaban mutane ta zauna.

Daga nan aka ba mu tambayoyi ukun nan da duk wanda ya yi QI ya haddace, na tsarin da cibiyar IHI ta Amurka ta yaɗa a duniya, cibiyar da Berwick ɗin yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1991. Me muke son cimma. Ta yaya za mu gane canjin da muka yi gyara ne ba canji kawai ba. Wane canji za mu gwada. Sai zagayen PDSA, ka tsara, ka yi, ka duba abin da ya fito, ka yanke ko za ka riƙe ko ka gyara ko ka watsar. Abin da suka yi ta nanatawa shi ne ƙanƙanta. Majinyaci ɗaya, nas ɗaya, rana ɗaya. Idan gwajinka yana buƙatar zaman kwamiti to ya yi girma, rage shi.

Ni na ɗauki ECG, wato gwajin bugun zuciya da ake yi da inji. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya yi wod ɗin manya. Magungunanmu da yawa suna ja wa zuciya tsawon QT, wata alama a ECG da kan iya rikita bugun zuciya, haloperidol ma ƙa'idarsa a yi ECG kafin a fara, kuma masu ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani a ƙasar nan suna mutuwa da wuri da shekara 15 zuwa 20 a kan sauran jama'a, yawanci ba ciwon ƙwaƙwalwar ne yake kashe su ba, zuciya ce da suga da huhu. Dokar asibitinmu ta ce duk wanda aka kwantar a yi masa ECG da wuri, amma a wod ɗinmu sai ka ga mutum ya yi sati yana shan magani ba a yi ba. Da na ƙirga na makonnin baya ko rabi ba su kai ba waɗanda aka yi wa a kan lokaci. Na je wajen koci da amsata a aljihu, nace matsalar likitocin dare ne, basa yi, lalaci ne kawai. Mutumin, tsohon nas ne da ya yi shekaru a wod kafin ya koma wannan aikin, bai musa min ba. Cewa yayi to madalla, gobe in an kwantar da wani ka je da kanka ka yi ECG ɗin, ka riƙe agogo da takarda ka rubuta duk inda ƙafarka ta taka.

Jama'a gani ya kori ji. Injin ɗaya ne mu da wod ɗin da ke saman bene muke rabawa, ranar yana sama. Na hau na tarar yana cikin ɗakin magani a kulle, makullin yana hannun nas ɗin da ke riƙe da wod, ita kuma tana cikin mitin da 'yan uwan wani majinyaci. Na jira. Na samu injin na sauko da shi a lif ta ƙofofi huɗu da kowacce sai ka ɗora kati, na zo zan fara babu sitikar da ake mannawa a ƙirji, guda uku suka rage alhali goma ake buƙata. Sito kuma wani makullin ne daban. Da na haɗa komai bawan Allahn ƙirjinsa gashi ne cunkus sitika ta ƙi kamawa, reza kuma kun san a wod ɗin ƙwaƙwalwa ba a barinta a sarari, sai an sa hannu a littafi. Kafin na gama wannan safa da marwar mutumin ya gaji yace baya so, kuma haƙƙinsa ne. Sama da awa ɗaya, da rana tsaka, babu ECG. Sai na tuna wanda nake kira malalaci shi kaɗai ne da dare yana riƙe da wod wajen shida da ɗakin gaggawa. Na ji kunya ba kaɗan ba.

Rana ta biyu a aji aka koya mana zanen ƙashin kifi na Ishikawa, ka sa matsalar a kan kifin ka jera dalilai a ƙasusuwan, na mutane, na kayan aiki, na tsari, na muhalli. Aka ce kar ka cike shi kai kaɗai a ɗakin likitoci, ka kai shi wod. A nan ne Allah ya haɗa ni da wadda ta ceci furojek ɗin. Wata babbar nas ce 'yar Gana, tashin Zangon Kumasi, ta fi shekara ashirin a wannan aikin, Hausarta irin ta Zango mai daɗi, tun ranar da ta ji ina waya da Hausa a koridor ta riƙe ni ɗa. Anti nake ce mata ita kuma tace Likita. Na baza mata takardar ta duba ta tsaki tace, Likita kai ma fosta za ka manna mana? Duk wata shida sai an kawo mana sabon yaro da fosta. Sannan ta ƙara min ƙashi biyu da ko a mafarki ban kawo su ba. Na ɗaya, wanda aka kawo da dare a birkice in ya ƙi ECG sai a rubuta ya ƙi, shikenan an rufe babin, babu wanda aikinsa ne ya koma bayan kwana biyu da hankalinsa ya kwanta ya sake tambaya. Na biyu mata. Da yawa ba za su buɗe ƙirji gaban namiji ba, musamman matanmu da na Pakistan da Somaliya, wasu kuma an taɓa cin zarafinsu, kuma ba za su ce maka dalilin ba, a'a kawai za su ce. Ni da na taso a gidan da na san wannan sarai, sai da wata ta tuna min.

Duk da gargaɗinta sai da na yi fostar. Kar ku yi dariya. Gwajin farko imel na tura wa duk likitoci, babu abin da ya motsa. Na biyu fosta mai kala a ɗakin likitoci, Anti ta wuce ta kalle ta ta kalle ni bata ce komai ba. Shi ma shiru. A aji na uku ne aka nuna mana jerin ƙarfin gyare gyare, wai tunatarwa da horo da fosta su ne mafi rauni saboda sun dogara da mutum mai gajiya ya tuna, masu ƙarfi su ne waɗanda suke canja yadda aikin yake tafiya har ya zama yin daidai ya fi sauƙi. Da an fara da wannan darasin a ranar farko da an rage min wata guda na wahala, wannan yana cikin ƙorafina.

Gwaji na uku na Anti ne ba nawa ba. Akwai farin allo a ofishin nas da ake bi suna bayan suna duk safiya wajen miƙa aiki. Ta ɗauki maka ta ja layi ɗaya ta rubuta ECG a sama, an yi a sa alama, ba a yi ba a sa jan ɗigo, wanda ya ƙi a rubuta ranar da za a sake tambaya da wanda zai tambaya, mace ga mace. Muka gwada a mutum uku na kwana biyu. Sai na huɗu, muka samu wani ɗan kwali muka zuba sitika da takardar injin muka ɗaure shi da salatif a jikin keken injin, da suna a kai na wanda zai duba shi duk Litinin. Abin da ya gyara matsalar kenan, maka da kwali da salatif.

Wajen awo kuwa dole na yaba musu. Sun hana mu abin nan na kafin da bayan, lamba biyu kawai, wanda kowa yake yi a odit. Duk sati kake saka ɗigo a zane, ka ja layin tsakiya daga makonnin farko, kuma akwai ƙa'ida: sai ka ga ɗigo shida ko fiye a jere duk a gefe ɗaya na layin, ko biyar a jere suna hawa ko suna sauka, sannan za ka buɗe baki ka ce wani abu ya canja. Ƙasa da haka wasan duwatsun nan ne kawai, yau gwarzo gobe mai laifi. Sati biyu bayan allon na ga lamba ta tashi na kira koci ina murna, yace Dokta ɗigo biyu ne, je ka sha shayi. Sai da muka shiga Disamba na samu shidana a sama. Kuma sun tilasta mana auna ɓarnar da gyaran zai iya jawowa a wani wajen, ni nawa ya fito ƙarara, wod ɗin sama suka fara ƙorafi injin kullum yana wajenmu. Wato na gyara gidana na ɓata na maƙwabci. Wannan zanen da ƙorafin nasu muka haɗa muka kai wa manaja muna neman inji na biyu. Har na bar wod ɗin bai iso ba.

To yanzu inda takalmin yake matsa min.

Na farko turancin. Akwai ranar da aka yini ana zana abin da suke kira diraiba dayagiram, akwatuna da kibiyoyi, babban dalili ƙaramin dalili, ana ta gardama wai wannan a wane akwati zai zauna. Abu ne da za a koyar cikin minti arba'in. Na lura masu wannan harkar suna da son sabbin kalmomi kamar 'yan siyasa da alƙawari, kuma hakan yana korar nas nas da mataimakansu, waɗanda su ne suka san wod ɗin. Da na kai wa Anti nawa zanen cewa tayi wannan taswirar jirgin ƙasan Landan ce? Darussan intanet ɗin ma misalansu kusan duk na tiyata ne da ɗakin gaggawa, layin jini da ciwon da ake ɗauka a asibiti, sai ka yi ta fassara wa kanka zuwa namu.

Na biyu lokaci. Ranar aji ɗaya ta faɗo washegarin dutin darena, wata kuma saura kwana kaɗan jarrabawa, rabin ajin suna zaune da katin karatu a ƙarƙashin tebur. Ba a ware mana ko awa ɗaya a sati ta furojek ba, duk ƙirgen da na yi bayan tashi ne ko lokacin cin abinci. Kocin namu mutumin kirki ne amma an lafta masa rukuni da yawa, wani lokacin sai ya fara da tambayar tuna min naka na mene ne. Abincin rana kuma sanwic mai sanyi, na halal ɗin kullum kifin gwangwani ne ko cuku, amma sun ba mu ɗakin sallah ba tare da mun roƙa ba, a lokacin sanyi da azahar da la'asar da magariba suke bin juna a guje wannan ba ƙaramin abu bane.

Na uku shi ne babba, kuma laifin har da ni a ciki. Ranar ƙarshe kowa ya gabatar da nasa, ina zaune ina lissafi. ECG. Fom ɗin tantance daskarewar jini. Gwajin jinin masu shan lithium, a ɗiba awa 12 bayan shan magani, a duba ƙoda da maƙoshi duk wata shida. Tambayar masu shan clozapine ko suna bayan gida. Awon nauyi da suga. Wasiƙar sallama zuwa ga GP, wato likitan unguwa. Duk masu muhimmanci ne, maƙarƙashiyar clozapine tana kisa ba wasa ba. Amma mu likitocin ƙwaƙwalwa ne, kuma kusan babu wanda ya taɓa abin da ya sa mutanen suke kwance. Babu wanda ya ɗauki yawan danne majinyaci a yi masa allura, ko killace mutum a ɗaki shi kaɗai, ko zaman banza da yake haukata mutane a wod ranar Asabar da Lahadi, ko yadda baƙaƙen fata suka fi kowa shiga asibiti a ƙarƙashin dokar tsarewa ta 1983 wanda kowa a ƙasar nan ya san da shi. Duk mun gudu wajen abin da yake da sauƙin ƙirgawa, an yi ko ba a yi ba, wanda zai ba ka zane mai kyau kafin Fabrairu. Kuma kwas ɗin bai ture mu daga nan ba, har ma kamar yana ƙarfafa hakan, don kullum maganar ita ce ka ɗauki abin da za ka iya gamawa.

Kuma ba wai ba zai yiwu bane. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gabashin Landan, ELFT, tun 2014 suka rungumi QI gadan gadan tare da IHI, kuma aikin da ya fitar da sunansu rage faɗa da duka ne a wod wod na Tower Hamlets. Suka riƙa amfani da ɗan fom ɗin Brøset na hasashen wanda yake dab da tayar da hankali, da gajeren taron tsaye na ma'aikata sau da yawa a rana, da kalandar da ake shafa wa kala a bango kowa yana gani har marasa lafiyar, kuma abin ya ragu sosai. An ambaci wannan a ajinmu a silaid biyu aka wuce. Bambancin su shekaru suka yi a kai, kuma wod ɗin ne ya mallaki aikin ba wani baƙon likita mai wata shida ba. Mu kuwa Larabar farko ta Fabrairu kowa ya ɗauki jakarsa.

Awa ɗaya da ta fi tsaya min a rai ba malami ne ya yi ta ba. Wani mutum suka gayyato da ya taɓa kwanciya sau da dama, yanzu yana aiki da su. Ya saurari furojek ɗinmu ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, da aka zo kan na awon nauyi sai yace an auna shi ya fi a ƙirga tun da aka sa shi a olanzapine, maganin da yake sa ƙiba, yana kallon lambar tana hawa ana rubutawa a fayil, babu wanda ya taɓa zama ya tambaye shi ko yana so a yi wani abu a kai. Ɗakin yayi tsit. Taken da ke jikin takardar Lester ta duba lafiyar jikin majinyatanmu da muke amfani da ita ma abin da yake cewa kenan, kar a tsaya a awo a ɗauki mataki, muna ganinsa kullum. Na koma na duba nawa, ECG ɗin da nake murnar an yi, nawa ne aka karanta aka sa hannu a ranar? Ban ma auna wannan ba. A watan ƙarshe na ƙara shi a gurguje. Wannan mutumin a ranar farko ya kamata a kawo shi, kafin kowa ya zaɓi abin da zai yi, ba a rana ta uku da yamma ba.

Wani abokina da yake rasidansi a gida ya tambaye ni ko abin zai yi aiki a can ko na masu kuɗi ne. Ni dai abin da na yi amfani da shi takarda ne da biro da allo. Mutum zai iya ɗaukar masu allurar wata wata da suke ɓacewa basa dawowa, ko awannin da ake yi ana neman kati a ɗakin fayil ranar kilinik, ya bi hanyar da ƙafarsa kamar yadda aka sa ni, ya riƙa saka ɗigo duk sati. IHI suna da darussan intanet da suke kira Open School tun 2008 ga mai son tushen abin. Abin da zai fi wuya a can ba kayan aiki bane, ogan da zai yarda ƙaramin likita da nas su taɓa tsarinsa ne, wannan kuma kowa ya san gidansu.

In maki ake so, uku da rabi cikin biyar. Na ba da shawarar a yi, amma da sharaɗi. Ka yi shi a zangon da baka da jarrabawa. Ka nemi Antin wod ɗinka a satin farko kafin ka zaɓi komai, kowane wod yana da ita, ka tambaye ta me yake ci mata tuwo a ƙwarya, sunanta kuma ya hau kan fostar taro gaban naka. Ka tambaya ko akwai furojek ɗin da wanda ka gada ya bari a rataye, ɗorawa a kai ya fi ƙirƙiro sabo ko da baya burge kwamiti. Wanda kuma satifiket kaɗai yake so, akwai hanyoyin da suka fi wannan arha.

A watan Mayu kol ya mayar da ni tsohon wod ɗin da dare. Zanen da na manna a bango babu shi, babu wanda ya ci gaba da saka ɗigo tun ranar da na tafi, wanda ya gaje ni yana nasa furojek ɗin a kan wasiƙar sallama. Kwalin yana nan a jikin keke amma babu sitika ko ɗaya a ciki. Layin ECG ɗin kuwa yana kan allo, an ma sake ja masa layi da maka mai kauri, jajayen ɗigo biyu da kwanan wata a gefensu da rubutun hannun Anti. Na tambayi nas ɗin dare wa ya kawo wannan tsarin, tace ita dai tun da ta zo haka ta tarar ana yi. Na karɓi makullin sito na cika kwalin, sannan na hau sama duba wanda aka kira ni dominsa.